Makullin Monsieur Étienne

Litinin, 7 ga Afrilu, ƙarfe sha ɗaya da rabi na safe

"Shafi biyu ya isa, ma sœur. Inda aka haife shi, karatun da ya yi, muƙaman da ya riƙe kafin ya zama mataimakin shugaba. Ki sa masa ɗan gishiri, amma kada ya yi yawa, mutanen Yawunde ne za su karanta."

Maxime ke nan, sakatare janar ɗinmu. Yana tsaye a bakin ɗakin ajiyar takardu, bai shigo ba, wai tsofaffin fayiloli suna sa shi atishawa. Shekara shida ina aiki a ɗakin nan, ban taɓa ganin takalminsa ya tsallake dokin ƙofar ba.

Tarihin Malum Tahir yake so in rubuta, don a raba ranar da za a naɗa shi shugaban Sandika, 25 ga wata. Don wanda zai tsinci littafin nan bayan raina: Sandika haɗakar gundumomi tara ce na bakin Binuwai. Jiragen fito, ƙananan gadoji da kasuwannin mako su ne aikinmu. Ba wani babban waje ba ne, amma muna da tuta, da mota, da shugaba.

Muna da shugaba. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan da Monsieur Étienne ya kulle ofishinsa ya sauka da wasu mutum biyu da suka zo ɗaukarsa daga Yawunde, ya ce wa mai gadi yana dawowa. Ba zan rubuta komai a kan wannan Alhamis ɗin ba.

Na ce, "Shi Malum ɗin ya sani?"

"Zai sani. Ke kike shiga wurinsa ba sallama, ke za ki taya mu lallaɓa shi." Sai ya rage murya, ko da yake daga ni sai kwalaye. "Sabon shugaba zai buƙaci daraktar ofis. Mai digiri biyu. Na duba ko'ina a gidan nan, mutum ɗaya na gani."

Kwantiragina zai ƙare 30 ga wata. Ya san haka, shi yake sa hannu a kansa duk shekara, a makare.

Na ce zan yi tunani. Na lura muryata ta yi laushi da na faɗa, ban ji daɗin jinta haka ba.

Talata, 8 ga Afrilu, bayan azahar

Na je wurin Malum neman jerin muƙamansa. A gaban mutane Monsieur le Vice nake ce masa. In mu biyu ne, Baba, don shi da mahaifina sun yi shekara talatin suna shan shayi a shago ɗaya suna musu a kan abu ɗaya. Shi kuma Madam Digiri yake ce mini, in yana jin tsokana.

"Tarihi na me, Madam Digiri? Mutuwa na yi?"

"Ɗaukaka za ka yi, in ji Maxime."

Bai yi dariya ba. Ya jawo wata tsohuwar jakar fata daga ƙasan kabad ya aza a tebur. "Duk abin da na taɓa zama yana nan. Ki karanta, ki dawo mini da su yadda suke."

Takardun pasasiyon ne, wato na miƙa aiki daga mai barin kujera zuwa mai hawa. Kowa a ƙasar nan ya san bikin: a jera kujerun roba, a yi jawabi, a sa hannu, a ci nama. Takardar kuwa ba mai sake dubanta. Shi ya ajiye nasa duka, na karɓa da na miƙawa.

Ga abin da na fitar. An haife shi a Kuseri, aikin koyarwa ya kawo shi Pitowa. Konseye, wato kansila, na gundumar Pitowa, kujerar da har yau yake kai. Mataimaki na biyu ga magajin gari. Sufleyan na ɗan majalisar ƙasa, mai jiran ko ta kwana, kuma ɗan majalisar ya yi shekara biyar ko mura bai yi ba. Mataimaki na ɗaya ga magajin gari. Sai mataimakin shugaban Sandika, shekara tara. Mutumin nan ya yi shekara talatin da huɗu a siyasa bai taɓa zama a tsakiyar hoto ba.

Abin da ya tsayar da ni shi ne jerin kayan. Tebur ɗaya, ƙafarsa ta hagu gajera ce. Fanka ɗaya, ba ta aiki. Hatimi biyu. Makulli uku, na ukun ba a san abin da yake buɗewa ba. A ƙasan kowace takarda hannu biyu: wanda ya bayar, wanda ya karɓa. Har makullin nan da ba ya buɗe komai, na bi shi, ya karɓe shi a wata shekara ya miƙa shi bayan shekara biyar.

Takarda ɗaya ce babu: ta karɓar ofishin mataimaki na biyu. Akwai ta miƙawa, babu ta karɓa.

A Ngaundere kundin digirina na biyu a kan mataimaka na yi shi, abin da suka riƙe kafin kujerar da abin da suka zama bayanta. Shafi ɗari da arba'in na cika don in ce iri biyu ne: mai jiran shugaba ya faɗi, da wanda aka ajiye a can don a manta da shi. An ba ni maki mai kyau. Ina da shekara ashirin da huɗu, na san komai.

Alhamis, 10 ga Afrilu, ƙarfe takwas na safe

Ƙofar ofishin shugaba tana nan a kulle. Mai shara tana goge mariƙinta kullum, ban san wa ya sa ta ba.

Litinin, 14 ga Afrilu, ƙarfe huɗu na yamma

An yi taron magadan gari yau. Zafi kamar an kifa wa Garwa tukunya, wuta kuma ta ɗauke tun goma. Maxime ya sa an gyara zauren tun safe, ya ɗora ruwan sanyi da makirufo a gaban babbar kujera. Malum ya shigo, ya gaisa da kowa da yarensa, wannan da Fillanci, wancan da Faransanci, ya wuce babbar kujerar ya zauna a tasa ta hagu. Ya miƙa hannu ya jawo makirufon. Ruwan ya bar shi a wurin, yana ta zufa a gaban kujerar da ba kowa.

Kuma ya yi aikin. Wannan nake so in rubuta, don za a manta. Jirgin fiton da ya lalace a mashigar gabas, ya samo makanike. Gadar da mata ke tsallakawa da itace, ya sa ranar gyara kafin ruwan farko. A awa biyu ya gama abin da kan ci mana wata. Kowace takarda ya sa mata hannu a madadin shugaba, da hatiminsa na mataimaki.

Daga nan Maxime ya miƙe ya karanta wasiƙar da ta zo daga sama. Kujera ba za ta zauna haka ba, doka ta ba mataimaki dama, ranar 25.

Malum ya ce, "Wa zai miƙa mini?"

"Monsieur le Vice, yanayi ne na musamman."

"Na ji. Wa zai sa hannu a gefen mai bayarwa?"

"Za a iya barin wurin haka."

"Makullin fa?"

"Akwai kafinta."

Achille, magajin gari mafi ƙuruciya a cikinsu, mai agogo kamar murfin kwano, ya ce cikin raha, "Papa, kujera ake ba ka, ba amarya ba. Ba sai waliyyi ya zo ba."

Aka yi dariya. Malum ma ya yi. Ya ce, "Ɗana, aikin shugaba zan yi muku shi har ranar da Étienne zai dawo, ko shekara ce. An tuhume shi a gaban alƙali? An tsige shi? Ya rubuto ya ajiye? In ɗaya daga ciki ya faru, ku nuna mini takarda. Amma ofishin da mai shi ya kulle da hannunsa, ni ba na shiga ta hannun kafinta."

Kowa ya sami abin kallo a takardar gabansa. Ni ce mai rubuta bayanin taro, na rubuta: an tattauna.

Talata, 15 ga Afrilu, bayan magariba

Na yi kuskuren faɗa wa Inna Mairamu zancen darakta. Tana ninke atamfofin da za ta kai shago gobe, ta tsaya da turmi ɗaya a hannu.

"Da mota?"

"Da mota, Inna."

"Shi Tahir ɗin me yake jira? Mala'ika ya sauko masa da makulli?"

"Yana so mai kujerar ya miƙa masa."

"Haka yake tun yana saurayi. Babanki ya taɓa barinsa a shago ya je sallar gawa, mutumin nan ya yini a tsaye, wai ba a ce masa ya zauna a kan buzun ba." Ta ci gaba da ninki. "Mutumin kirki ne, ban ce ba. Amma ke Fa'iza, shekararki talatin da uku kina gadin kwali. Kirkinsa ba zai sa miki hannu a kwantiragi ba."

Gaskiya ta faɗa. Inna ba ta yi jami'a ba, shi ya sa take gama bayani a jimla biyu.

Laraba, 16 ga Afrilu, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Malum ya ce in raka shi wani wuri. Unguwar Pumpumre muka je, gidan Monsieur Étienne. Ashe duk Laraba yake zuwa.

Na san gidan nan da motoci har kan titi, masu neman alfarma a ƙarƙashin bishiyar maina tun da sassafe. Yau akuya biyu na gani. Maƙwabta suna zagayawa ta bayan layi don kada a gan su a ƙofar. Shi kuwa Malum ya sa direba ya tsaya daidai bakin get, da rana tsaka, da lambar Sandika a jikin motar, ya fito da kifin tafkin Lagdo a leda yana kwaɗa sallama kamar mai shela.

Madam Henriette, matar shugaba, ta rame. Ta sa hoda, ta ɗaura ɗankwali da kyau, irin shirin wadda ta ƙudura ba za a ga komai a fuskarta ba. Ta kawo mana folere mai sanyi, wato zoɓo.

"Tahir, za su cire ka saboda zuwan nan."

"Madam, kifi na kawo. Ba a taɓa cire mutum saboda kifi ba."

"An yi waya daga wurin Monsieur Étienne?" Ni na tambaya, ban san ya fita ba.

Ta dube ni, ta dubi Malum, ta ce foleren ya yi tsami ko a ƙara sukari.

Sun yi hira a kan rufin kicin da ke yoyo, da jarrabawar 'yarsu. Ya yi alkawarin turo mai gyara kafin damina. Da ya fita alwala, ta kama hannuna ta ja ni cikin ɗaki. Ta buɗe wani gwangwanin madara, ta zaro makulli mai igiyar shuɗi.

"Makullin ofishinsa ne, na biyun. Kullum a gida yake barinsa." Ta danna mini shi a tafin hannu ta rufe yatsuna a kai. "Maxime ya aiko sau biyu. Ya ce in na ba da shi, na sa hannu a madadin mijina, komai zai yi sauƙi, har shi ma a can zai ji sauƙi. Ban san ko gaskiya ne ba. Na gaji, ma fille. Ke kin yi karatu. Ki yi abin da ya dace da shi, ni dai kada makullin ya sake kwana a gidan nan."

Na sa shi a jaka, a aljihun da nake ajiye katin ɗan ƙasa. A mota Malum yana ta ba ni labarin yadda ake gane kifin jiya ta ido. Na ce eh, eh.

In na kai wa Maxime, ba kafinta, akwai hannu a gefen mai bayarwa. Rabin hujjar Malum ta faɗi. Wataƙila ya hau. Wataƙila in sami mota.

Alhamis, 17 ga Afrilu, ƙarfe ɗaya na rana

Yana cikin jakata. Na wuce ƙofar Maxime sau uku, duk da dalili.

Juma'a, 18 ga Afrilu, da hantsi

Hutun Ista, ba ofis. Na gama shafi biyun. Ban sa gishiri ba, bai buƙata. Na karanta wa Inna, ta ce, "To, duk mataimaki ne? Ko sau ɗaya bai gaji ba?"

Yana cikin jakata.

Litinin, 21 ga Afrilu, bayan la'asar

Na yi abin da aka aike ni. Zan rubuta shi yadda ya faru don kada nan gaba in gyara wa kaina.

Na mayar masa da jakar fatar, na zauna ba a ce in zauna ba. Na ce, "Baba, in ka ƙi, Achille za su ba. Ka san abin da zai yi da jiragen fito. Kai ka fi kowa iya aikin nan. Saboda takarda ɗaya za ka bar gundumomi tara a hannun mai agogo?" Na kawo misalai daga kundina, ƙasa kaza, shekara kaza, mataimakin da ya hau ya gyara. Na yi kyau sosai. Da a aji ne da an tafa mini.

Ya saurara har na gama. Ya ce, "Maxime ya yi miki alkawarin wani abu?"

"Darakta."

"Kin cancanta." Haka kawai, ba zargi a ciki, wanda ya fi zargin ciwo. Sai ya ce, "Kin ga takarda ɗaya babu a jakar nan."

Na ce na gani.

"Ina da shekara talatin da biyu. Aka dakatar da mataimaki na biyu a Pitowa, wani dattijo, aka ce ya yi abu. Aka ce in hau. Ban tambayi komai ba, murna nake. Kafinta ya ɓalle ƙofa ina tsaye da sabuwar ɗamarar muƙami a kafaɗa. Aka kwashe kayansa a kwali aka ajiye a baranda. Ruwa ya sauka a kai. Bayan wata huɗu aka ce ba shi da laifi. Ya zo. Ina zaune a kujerarsa ya shigo, ya yi mini sallama, ya ce tabaransa ya zo nema. Muka fita tare muka buɗe kwalin. Tabaran ya karye, hoton 'ya'yansa ya manne da wata takarda. Bai faɗa mini baƙar magana ba, 'yata. Ya ce Allah ya taya ni riƙo. Da ya zage ni da na manta tuntuni."

Na ce, "In Monsieur Étienne bai dawo ba fa?"

"To ba ni na ce ba zai dawo ba. Ranar da na zauna a can, na faɗa wa Garwa duka cewa an gama da shi. Wannan hannun suke nema, ba iya aikina ba."

Jakata tana kan cinyata duk tsawon maganar. Na riƙe ta da hannu biyu kamar mai jiran mota a tasha.

Laraba, 23 ga Afrilu, ƙarfe goma na safe

Maxime ya shigo ɗakin ajiya. Ya shigo ciki, har tsakiya, da hankici a hanci.

"An ga motar Vice a Pumpumre makon jiya. An ce da ke."

"Da ni."

"Madam ta ba ki wani abu?"

"Folere. Ya ɗan yi tsami."

Ya dube ni, na dube shi. Ya yi atishawa sau huɗu a jere, abin da ya ɓata masa kallon da yake so ya yi mini. Ya ce jibi ne rana ta ƙarshe, gare shi da gare ni. Ya fita.

Ban san na yanke shawara ba sai da na ji bakina ya ce folere.

Juma'a, 25 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma

An jera kujerun roba, an kawo nama. Baƙin Yawunde biyu sun zo, ba waɗancan biyun ba, amma takalmansu iri ɗaya ne.

Malum ya zo da farar riga da jakar fatarsa. Aka kira shi ya hau, ya miƙe ya karanta layi uku: ya ajiye muƙamin mataimakin shugaba daga yau, yana godiya, yana roƙon a karɓi ofishinsa yadda doka ta ce. Kafin azahar an zaɓi Achille shugaba da ɗaga hannu. Ba a sami wanda zai karɓi ofishin mataimaki ba, sai ya faɗa kan Maxime.

Awa uku aka yi. Ni ke bugawa. Naman ya huce, baƙin suna ta duban waya, Malum yana buɗe aljihun tebur ɗaya bayan ɗaya.

"Rubuta, Madam Digiri. Kujera ɗaya. Kujerun baƙi uku, ɗaya tana cizon riga. Hatimi ɗaya. Taswirar kogi, ɓera ya ci gunduma ɗaya. Fayil na jirgin fiton gabas, makanike zai zo Talata, a ba shi abinci, ba ya aiki da yunwa."

Maxime ya ce, "Monsieur le Vice, wannan ba sai an rubuta ba."

"Kai za ka sa hannu ka karɓa, ɗana. Ban so wata rana a tambaye ka abin da ba ka gani ba."

A ƙarshe ya ce, "Layi na ƙarshe. Ofishin shugaba, Monsieur Étienne: a kulle yake tun 27 ga Maris. Mai shi bai miƙa ba. Ni ban karɓa ba, ban shiga ba."

Ɗaya daga baƙin ya ɗago kai. Maxime ya ce a cire. Malum ya mayar da murfin alƙalaminsa ya ce to sai a kwana nan, shi ba ya sa hannu a rabin takarda. Ana ta kiran sallah, jirgin baƙin na ƙarfe shida ne. Maxime ya sa hannu. Kwafi huɗu, kowanne da hatimi, ɗaya na ɗakin ajiyata.

Da zai fita ya tsaya a gaban kullalliyar ƙofar, ya ɗan daidaita allon sunan da ya karkace. Ya ƙi motar ofis, ya ce ba tasa ba ce tun ƙarfe huɗu. Na hango shi ta taga a bayan mai babur, farar rigar tana kaɗawa, jakar a ƙirji.

Lahadi, 27 ga Afrilu, bayan sun taso daga coci

Na je Pumpumre ni kaɗai. Na sauka a bakin get. Na ajiye makullin a kan teburin Madam Henriette.

"Na mijinki ne, Madam. In ya dawo shi zai miƙa wa wanda ya ga dama."

"Za su ɓalle ƙofar duk da haka."

"Za su ɓalle. Amma su za su ɓalle."

Ta juya igiyar a yatsa. Sai ta yi wata 'yar dariya, ta farko da na ji daga gare ta. "Kin san sau uku na ba Tahir shi yana ƙi? Ranar nan da kuka zo, da yamma na yi masa waya na ce na ba ki, ina jin tsoron na yi kuskure. Ya ce in kwantar da hankalina, in ba ki kwana goma, za ki dawo da shi."

Na ƙirga a hanya. Sha ɗaya na yi. Wato ranar da na zauna ina karanta masa kundina da jaka a cinya, ya sani.

Ta mayar da shi cikin gwangwanin madarar.

Talata, 29 ga Afrilu, ƙarfe tara na safe

Ya yi waya daga Pitowa, ana ta hayaniya a bayansa.

"Madam Digiri, tarihin nan naki ya tsufa. Na sami muƙami."

"Tun yanzu, Baba?"

"Kwamitin magudanun ruwa na kasuwa. Jiya majalisar gunduma ta zauna."

"Shugaba?"

"Mataimaki." Ina jin yana murmushi. "An miƙa mini shebur biyu da baro ɗaya, tayarsa a sace. Mun sa hannu ni da wanda ya bari. Damina ta kusa, in ba a yashe su ba ruwa zai shiga rumfunan masu hatsi. Muna neman mai rubuta bayanin taro, amma ba mota."

Na ce zan yi tunani. Wannan karon muryata daidai take.

Na ƙara layin a ƙasan shafi na biyu. Kundina kuwa yana buƙatar babi guda da ban san da shi ba.

Laraba, 30 ga Afrilu, ƙarfe uku na rana, a tashar motocin Pitowa

An naɗa darakta jiya, 'yar ƙanwar wani. Kwantiragina ba wanda ya ambace shi, wanda a gidan nan amsa ce. Inna ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba, yau da safe ta cusa mini kilishi a jaka ta ce in kai wa Tahir, in ce masa har yanzu bai da wayo.

Na ce wa Maxime ba na tafiya sai an karɓi ɗakin ajiya.

"Ma sœur, ki bar makullin wurin mai gadi."

"Wa zai sa hannu a gefen mai karɓa?"

Ya rufe ido. Ya san muryar wa ya ji.

Kwali ɗari biyu da sha bakwai, na buɗe masa kowanne. Ya yi atishawa har hawaye. Tsani ɗaya, matakinsa na uku ba a taka shi. Tarkon ɓera biyu. Kwali na ɗari da tara, fayil na huɗu: takardar pasasiyon ta 25 ga Afrilu, shafi shida, da layinta na ƙarshe. Na sa ya karanta wannan da bakinsa kafin ya sa hannu. Kwafin takardar miƙawata yana nan cikin littafin nan, na farko da na mallaka.

Muna gamawa na ji ana hawowa bene da akwatin ƙarfe yana ƙara. Kafinta ne. Ya gaishe ni da ladabi, ya tambaye ni wace ce ƙofar shugaba. Na ce masa ni ba ma'aikaciyar nan ba ce, ya tambayi sakatare janar.

Na miƙa wa Maxime makullina hannu da hannu. Na ɗauki jakata, ta yi sauƙi. Na ja ƙofar ɗakin ajiyar a hankali har sai da na ji harshenta ya shiga, na sauka bene kafin a fara bugu.